Taku Ɗari Biyu

Litinin, ƙarfe bakwai na safe

Yau za a raba mana allunan na'ura na awon gona. Oga ya ce kowane ma'aikacin ofishin kula da gonaki zai karɓi nasa, kuma nan da mako uku duk iyakokin da ke cikin babban kundi za su koma cikin na'ura a rufe. In an rufe, ba mai sake ɗaga dutsen iyaka, ko da kuwa uban wa ya kafa shi.

Shekara ashirin da takwas ina auna gonakin mutane da ƙafata. Baba Awo ake ce mini, jikokina ma ba su san ina da wani suna ba. Tsohon oganmu ya gwada ni da tef ɗin awo sau uku a gaban jama'a: taku huɗu, mita uku, ba ragi ba ƙari. Tun ranar aka daina ɗaukar tef in za a fita da ni. Kundin nan rabinsa rubutuna ne, kuma da taku aka rubuta shi.

Ƙafata lafiya lau.

Litinin, ƙarfe uku na rana

An kawo mai koya mana. Injiniya ce, sa'ar 'yata ta biyu, da sabon takalmin roba wanda bai san laka ba. Ta ɗaga allon, ga shi kamar tiren shayi, ta ce da tauraron ɗan'adam yake magana, in ka tsaya a gona zai faɗi daidai inda kake tsaye. Na ce ai ni ma ina faɗin inda nake tsaye, kuma ba a sa ni a caji. Aka yi dariya, ita ma ta yi.

Akawu, abokin zamana na ofis, ya tambaye ta ina ake ajiye gonakin, tunda allon bai kai bangon kundi kauri ba.

Ta ce, "A gajimare, Baba."

"A ina?"

"A gajimare. Haka ake kiran wurin ajiyar."

Akawu ya leƙa taga ya daɗe, ya ce, "To Allah ya sa kada a yi ruwa da iska, gonar wani ta zubo a kan ta wani." Ya roƙe ta in za a sa tasa, a sa ta a farin can mai kama da rago, ba ya son baƙin.

Na karɓi nawa na jefa a durowa. Amma a hanyar gida na kama kaina ina kallon sama.

Laraba, ƙarfe goma na safe

Mai Kaji ta sake zuwa. Tana zaune a bencin ƙofa tun kafin a buɗe ofis, ƙafafunta fari fat da yashi.

Bari in rubuta maganar sau ɗaya in huta. Ambaliyar bara ta kwashe duwatsun iyaka na gonakin gangare, ta binne komai da yashi, wurin ya koma shafe kamar faifai. Ni na je na mayar da iyakoki goma sha ɗaya. Nata yana cikin kundi da rubutuna na tun ina da baƙin gashi: daga tsohon mangwaro zuwa gabas, taku ɗari biyu, dutse. Na tsaya a gindin mangwaro, na taka ɗari biyu, na kafa dutse. Ita kuwa ta dage cewa rijiyar da suka haƙa da marigayin mijinta tana gaba da dutsen, yashi ya rufe ta. Gaban dutsen yanzu na Dogo ne, wanda ya sayi gonar maƙwabta bayan ambaliya, bai san komai ba sai abin da na nuna masa. Ya ce ba mai sa masa shebur a gona.

Shekara guda ke nan tana ɗauko ruwa daga rafi a jarka, don kaji da ɗan lambunta.

Ta ce, "Baba Awo, an ce za a rufe."

Na ce, "Za a rufe."

"Da rijiyata a wancan gefen?"

Na ce kundi ba ya ƙarya, ƙafata ba ta ƙarya. Ta dubi ƙafar tawa, ba fuskata ba, ta tashi ta tafi. Me take kallo, oho.

Alhamis, ƙarfe shida na safe

Na yi mafarki an tura ni auna gona a sama. Gajimare shimfiɗe har iya ganinka, an ja masa kunya-kunya, masara tana tsiro kanta a ƙasa. Duwatsun iyaka suna yawo a hankali kamar agwagi a ruwa. Ina ƙirge, ashirin da ɗaya, ashirin da biyu, amma duk takun da na yi ƙafar hagu sai ta nutse, sai na tsaya na zaro ta.

Na gaya wa maman yara da muna shan shayi. Ta ce in rage cin abinci mai nauyi da yamma.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Allon ya yi amfani. Na rufe kofin shayi da shi, ƙuda bai faɗa ba.

Litinin, ƙarfe ɗaya na rana

An fara cin amanata a ofis, ɗaya bayan ɗaya. Direba ne na farko, wai allon ya nuna masa hanyar da ta zagaye gadar da ta karye. Sai Akawu, mutumin da ya rantse ba zai taɓa shi ba. Injiniya ta nuna masa rufin gidansa daga sama, ya ga kwano ɗaya ya fi sauran haske, ya yi ihu, "Wallahi shi ne wanda na canza bara!" Tun daga nan ba a ganin fuskarsa sai ƙeyarsa. Yau har gonar babansa ya nemo, wadda rabonsa da ita shekara goma sha biyar, ya zauna yana shafa gilashin da yatsa.

Na ce, "Ka sayar da mu a kan kwanon rufi ɗaya."

Ya ce, "Awo, ka zo ka ga naka. Daga sama ma gidanka fuska a ɗaure yake."

Ban je ba.

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Injiniya ta jira kowa ya tafi, sannan ta jawo kujera kusa da ni. Yarinyar tana da ladabi, wannan ba zan hana ta ba. Ta ce gajimaren ba na yau kaɗai yake ajiyewa ba, akwai hotunan sama na shekarun baya. Ta murza yatsa, sai ga gangare kafin ambaliya, kore shar, kowace gona da shingenta. Na gane mangwaron tun kafin ta nuna. Kamar dai in ka ga wanda ya rasu yana tafiya a kasuwa.

Ta nuna wani ɗigo baƙi a cikin gonar Mai Kaji, daf da tsohon shinge.

Na ce, "Kashin ƙuda ne."

Ta sa gefen gyalenta ta goge gilashin. Ɗigon yana nan.

Ta ce daga mangwaro zuwa tsohon shingen mita ɗari da hamsin ne. Na ce sarai, taku ɗari biyu ke nan, ashe na'urar taku ta yi makaranta. Sai ta ce jiya ta je ta tsaya a kan dutsen da na kafa, allon ya ce ɗari da talatin da ɗaya.

"Wataƙila ruwa ne ya matsar da shi, Baba."

Ta san bayan ruwa na kafa shi. Ƙofa ta buɗe mini in fita da mutuncina, na gane, kuma abin ya fi zagi ciwo. Na ce mata na'urar da ke ajiye gona a gajimare ba ita za ta koya mini ƙasa ba. Na ɗauki hulata.

Ƙafata lafiya lau.

Laraba, ƙarfe bakwai na safe

Daga ƙofar gida zuwa ƙofar kicin taku goma sha huɗu ne. Ni na auna da za a yi ginin. Yau na samu goma sha shida. Na koma na sake, goma sha shida.

Maman yara tana shanya, ta ce me na zubar nake nema. Na ce wa ya ƙara wa tsakar gidan nan tsawo ban sani ba? Ta ce ita ce, jiya da rana ta ja katangar da hannu ɗaya. Ba ta yi dariya ba, ta ci gaba da shanyarta.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Na kai takalmi gyara. Mai gyaran ya juya na hagun ya ce, "Baba, wannan kullum ta gaba yake cinyewa, kamar ana jan sa a ƙasa. Na daman kuwa garau." Na ce aikinsa ɗinki ne ko duba? Mutanen yanzu kowa likita.

Ina zaune a kan bencinsa da ƙafa ɗaya ba takalmi, gajimare suka taso daga gabas, manya, farare, suna tafiya ba gaggawa. Na riƙa raba su. Wancan mai tsawo na Dogo ne. Wancan ƙaramin mai huda a tsakiya, wanda haske ke zubowa ta ciki, na san na wace ce. Sai da mai gyara ya taɓa ni na san na yi gyangyaɗi.

Juma'a, ƙarfe tara na safe

Ba zan rubuta maganar safiyar kofin nan ba. Shekara biyu ke nan. Kofi ya faɗi daga hannu, kofuna suna faɗuwa. Kwana huɗu a asibiti, na gaya wa ofis zazzaɓi ne, kuma an yi zazzaɓi sosai a wannan shekarar, kowa ya sani. Likita ya faɗi abin da ya faɗa. Ni na tashi da ƙafata na koma aiki.

Shi ke nan, ban rubuta ba.

Asabar, ƙarfe shida na yamma

Na ga Mai Kaji daga nesa tana hawowa daga rafi, jarka a ka, ɗaya a hannu. Tana tsayawa duk bayan taku talatin. Ba niyyar ƙirgawa na yi ba, kan ne ya saba. Na bi ta bayan shagon mai walda don kada mu haɗu.

Litinin, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Saura kwana huɗu. Injiniya ta ajiye mini takarda a tebur, ta yi magana ƙasa-ƙasa don kada Akawu ya ji, shi kuwa kunnensa har motsi yake.

Ga yadda abin yake. Ita ba ta da ikon ɗaga dutsen da ma'aikacin awo ya kafa. In ban sa hannu cewa na yi kuskure ba, ranar Juma'a za ta shigar da dutsen inda yake, a rufe. In na sa hannu, sai an sake duba duka goma sha ɗayan da na mayar bayan ambaliya, kuma Oga zai tambayi dalili.

Na ce, "'Yata, kin san me ake kirana a garin nan?"

Ta ce, "Na sani, Baba. Takunka na da ne ya ba ni ɗari da hamsin ɗin ai. Na gwada tsoffin awonka guda arba'in da hoton sama, ko ɗaya bai kauce ba. Ban taɓa ganin irin haka ba."

Kai! Yabo ne, amma da ta mare ni da ya fi sauƙi. Na da, ta ce. Na tura takardar ƙarƙashin allon a durowa, su ƙarata can su biyu.

Talata, ƙarfe shida na safe

Mafarkin ya dawo. Wannan karon ina kwance rub da ciki a bakin gajimare ina leƙen ƙasa. Na hango wani saurayi a gangare, dogon taku gare shi, yana tafe daga mangwaro yana ƙirge da leɓe, littafi a hamata. Na ƙwala masa kira ya jira ni. Bai ko waiwayo ba. Ɗan banza, sauri yake kamar an biyo shi.

Na farka ina jin haushinsa, kuma ina kewarsa.

Laraba, ƙarfe goma sha biyu na rana

Hadari ya haɗu, ya watse. Akawu ya ce gonakin ne suka yi nauyi.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Mun je duba 'yarmu da ta haihu, ni da maman yara, a ƙafa kamar kullum. A hanyar dawowa tana ba ni labarin jaririn, wai kunnuwana ya ɗauko, Allah ya ba shi haƙuri. Ina jin muryarta a daidai kafaɗata. Sai na tsaya cak a tsakiyar hanya.

Da can ba a nan nake jin muryarta ba. Daga baya nake jin ta, tana haki, tana cewa in jira ta.

Na ce, "Ke, tun yaushe muke jerawa?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta sunanta. Ta ce, "Shekara biyu."

"Shi ne ba ki faɗa ba?"

"In faɗa ka ƙara sauri? Malam, shekara talatin ina sassarfa a bayanka, ƙeyarka kawai na sani a hanya. Duk labarin da na ɗauko sai ya huce kafin in cim maka. Yanzu da na samu ina magana kana ji, shi ne zan kai ƙara?"

Ta gyara mayafinta ta ce ita dai ta ji daɗin abinta, amma ta ji an ce akwai wata mata da ba ta ji daɗi ba. Ashe ta sani. Ashe kowa ya sani, daga mai gyaran takalmi har Mai Kaji, ni kaɗai nake ɓoye wa kaina.

Mun ƙarasa gida a hankali. Kunya ta kama ni, irin wadda rabona da ita tun ina yaro. Amma hanyar ta yi mini daɗi, wannan ma gaskiya ne.

Alhamis, ƙarfe takwas na safe

Na sa hannu. Oga ya karanta sau biyu, ya cire tabarau, ya ce in zauna. Na gaya masa maganar kofin, da shanyewar ɓarin jikin da ta taɓa ni. Bai yi faɗa ba, da ya yi ma da na fi samun sauƙi. Ya ce a ƙara wa gangare mako guda.

Akawu bai yi ba'a ba ko ɗaya. Ya ciro allona daga durowa, ya goge da'irar shayin da ke bayansa da hannun rigarsa, ya miƙo mini.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Mun je mu huɗu, ni da Injiniya da Akawu da Direba, da shebur biyu. Mai Kaji da Dogo suna jira, kowa a gefensa.

Na ce a bar ni in taka. Na tsaya a gindin mangwaro da allon a hannu, Injiniya ta nuna mini inda zan danna. Wani ɗigo shuɗi ya fito, ta ce ni ne. Na taka, ɗigon ya taka. Ikon Allah, ga ni a ƙasa, ga ni a sama, muna tafiya tare, shi ba ya jan komai. A ɗari biyu na iso dutsena daidai. Allon ya ce ɗari da talatin da ɗaya. Na tsallake dutsen na ci gaba, kuma wallahi ban taɓa ɗaga ƙafa mai nauyin wannan ba. Sai a ɗari biyu da ashirin da tara ya ce ɗari da hamsin.

Dogo ya zazzaga mini ta tas. Ya ce taki buhu shida ya zuba a wurin nan a kan maganata, yanzu in ce masa me? Na ce ba ni da abin cewa, laifina ne, ba na kundi ba, ba na ruwa ba. Ya yi tsaki ya juya baya. Yana da gaskiya.

Injiniya ta tsaya a kan baƙin ɗigon ta ce a haƙa nan. Direba da Akawu suka kama. Sun kai ƙugu babu komai sai yashi, har na fara jin wani mugun daɗi, Allah ya yafe mini. Sai shebur ya ce ƙwal. Bakin rijiya ne, na siminti, da sawun tafin hannu a jiki. Mai Kaji ta durƙusa ta sa hannunta a cikin sawun. Ya fi nata girma.

Ba ta gode mini ba. Ta ce, "Shekara guda, Baba Awo. A kaina."

Na ce, "Na sani. Na gan ki."

"Na san ka gan ni. Ta bayan mai walda."

Ni na ciro dutsen da hannuna, na ƙi a taya ni. Taku ashirin da tara na ɗauke shi, na huta sau biyu.

Asabar, ƙarfe tara na safe

Kwana biyu ana yashe rijiyar. Dogo ma ya zo da igiyarsa, bai gaishe ni ba, amma ya zo. Na ji Mai Kaji tana ce masa in ruwa ya taru ya riƙa ɗiba, waken da ya shuka a wurin kuma ya bari ya nuna ya cire abinsa.

Yau da safe ruwa ya tsattsafo. Muka leƙa mu duka. Can ƙasa, a cikin ɗan ruwan da bai kai faɗin tire ba, ga farin gajimare yana wucewa a hankali. Akawu ya dafa kafaɗata ya ce, "Na faɗa muku wata rana za ta zubo." Injiniya ta yi dariya har ta zauna a yashi, takalmin nan nata ya yi butu-butu, ba ka ce sabo ne ba.

Ni ban yi dariya ba. Na tsaya har gajimaren ya fita daga rijiyar.

Lahadi, ƙarfe shida na yamma

Saura gonaki goma. Wasu za su yi murna, wasu za su zage ni har gida, kuma duk sai na je da fuskata. Na sa allon a caji a kan teburin shayi. Maman yara ta ce gobe za ta raka ni har bakin gangare, tana da labarin da ba ta ƙarasa ba.

Ƙafata ta hagu tana ja. Shekara biyu ke nan.